Hitar banɗakina ta daina ɗiga, amma yanzu kan famfo na jan hannuna

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka san kan aikin famfo da na wuta su taimaka min. Hitar banɗakinmu irin mai tankin nan ce da ake kafawa a bango, lita 50, shekararta huɗu da sakawa. Kwanakin baya na lura da wani ɗan ƙarfe a ƙasanta, daidai inda bututun ruwan sanyi yake shiga, yana da ɗan baki a gefe. Duk lokacin da aka kunna ta sai ya riƙa zubar da ruwa ɗis ɗis, har tayil ɗin wurin ya yi jan layi. In an kashe sai ya daina. Na kira wani mai gyara, bai yi minti biyar yana dubawa ba ya ce abin ne ya mutu. Ya naɗa farin tef, ya ɗaura wani noti ya toshe bakin. Ɗiga dai ta tsaya, har na ji daɗi. To amma yanzu in tana aiki sai in ji ƙara a cikinta kamar ana juya tsakuwa a tukunya. Jiya da dare kuma ina kama kan famfo da jiƙaƙƙen hannu na ji zir, ya ɗan ja ni. Ba sosai ba, kamar tsirar allura. Maigidan ya yi tafiya sai ƙarshen mako. Zan iya ci gaba da lallaɓawa da ita kafin ya dawo?

Baba Falamba:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin ki karanta sauran maganata ki tashi ki kashe ta daga bireka, can wajen akwatin wutar gidan. Makunnin bango kaɗai bai isa ba. Kada ki sake kunna ta, kada yara su yi wanka a banɗakin sai kin tabbatar wutarta a yanke take. In kin dawo sai mu yi magana.

Maman Biyu:
Na kashe Baba. Gabana har faɗuwa yake.

Baba Falamba:
Madalla. Yanzu hankalinki ya kwanta. Abin da yaron nan ya toshe miki ba mutuwa ya yi ba, aikinsa yake yi. Bawul ne, kuma ayyuka biyu gare shi a irin waɗannan hitocin. Na farko yana barin ruwan sanyi ya shiga tanki, ya hana shi komawa baya. Na biyu in matsi ya yi yawa a cikin tankin sai ya buɗe ɗan bakin nan ya rage. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi, to ga shi an hana shi komawa baya, famfunan gida kuma a rufe, ina zai bi? Ɗigar da kika gani numfashin tankin ce. Ki duba jikinsa da fitila, za ki ga lamba a rubuce, wasu bar 6, wasu 8, bar ɗin nan ma'aunin matsi ne. Wannan ne matsin da in an kai yake buɗewa. Gyaran da ya kamata a yi miki bai wuce a sa ɗan tiyo a bakin a ja shi zuwa magudana ba, tayil ɗinki ya huta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ɗan Auta:
Baba ina girmama ka, amma kada a tsorata baiwar Allah. Tawa hitar shekara biyu ke nan da na toshe wannan bakin da hannuna, ko gezau. Ai akwai tamostat a ciki, da ruwa ya yi zafi yake yanke wuta. Me zai faru?

Injiniya:
Ɗan Auta, bari mu yi lissafin a fili don kowa ya gani. Ruwa in ka ɗauke shi daga zafin digiri 25 ka kai shi 60, girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. A tankin lita 50, wannan ya haura rabin lita. Iska ana iya matse ta ta shiga ƙaramin wuri, shi ya sa ake bugawa taya. Ruwa ba ya matsuwa haka. In ba shi da hanyar fita, tankin da bututan ne za su ɗauki wannan nauyin, kullum aka kunna su miƙe, aka kashe su koma. Ƙarfe na gajiya, wajen walda ya fara tsattsafo. Wannan kenan alhali tamostat na lafiya.

Ranar da tamostat ya maƙale kuwa magana ta canza. Wuta ba za ta yanke ba, ruwan ya wuce digiri 100 bai tafasa ba saboda matsin da ke kansa. Da tankin ya tsage matsin ya sauka, wani ɓangare na ruwan zai koma tururi nan take, shi kuwa tururi yana cin wuri kusan ninki 1,700 na ruwan da ya fito daga ciki. Abin da ke ɓarke bango ke nan. Masu ƙera hita sun san tamostat na mutuwa, shi ya sa suke ƙara wani abin yanke wuta na biyu, sannan suka ƙara bawul. Kai ka cire guda cikin masu gadinka.

Ɗan Auta:
To Injiniya, in haka ne me ya sa tawa ba ta taɓa ko tsattsafo ba? Ni fa abin da na gani da idona nake faɗa.

Baba Falamba:
Tambayarka na kan hanya, kuma ina jin na san amsar. Daga ina ruwa ke zuwa hitarka, tankin sama?

Ɗan Auta:
Eh, tankin sama ne, kai tsaye.

Baba Falamba:
To ka ɗora hannu a kan bututun ruwan sanyin da ke shiga hitar bayan ta yi awa guda tana aiki. In ka ji shi da ɗumi har nesa da hitar, to harshen da ke hana ruwa komawa baya ya daɗe da daina rufewa, ko datti ya tokare shi. Ruwan da ya kumbura yana komawa sama cikin tankinka, shi ya sa ka tsira. Lalacewa ɗaya ce ta rufa wa ɗaya asiri. Ran da wani ya rufe makullin ruwan da ke tsakanin tanki da hita don ya gyara famfo, ya manta hita a kunne, ran nan ba ka da mafita ko ɗaya.

Abu Hanif:
Ni dai abin da ya fi damuna a maganar baiwar Allah nan jan da ta ce famfo ya yi mata ne, kuma duk an tsaya kan bawul. Aikin wuta nake yi. Toshe bawul ba ya kawo jan wuta, matsala ce daban, ta zo ne kawai lokaci ɗaya. A cikin tankin akwai elimen, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke ɗumama ruwan. Wayar da ke ɗaukar wuta tana cikinsa, an cika tsakani da wata farar hoda da ba ta wuce da wuta, sannan kwanson ƙarfe a waje. Muddin kwanson na lafiya, wuta da ruwa ba sa haɗuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ya tsage ruwa ya jiƙa hodar, sai wuta ta fara bin ruwa, ta bi jikin tanki, ta bi bututu har kan famfo.

Abin da ya kamata ya kare ki biyu ne. Na farko wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ake ɗaurewa a jikin hitar don wutar da ta ɓalle ta bi ta maimakon ta bi jikin mutum. Na biyu wani bireka na musamman da ake kira RCD, yana da ɗan maɓallin gwaji a fuskarsa. Shi auna wutar da ta fita yake yi da wadda ta dawo, in ya ga 'yar wuta kaɗan, miliamfiya 30 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya), ta ɓace a hanya sai ya faɗi cikin ƙiftawar ido. Tunda har kin ji ja kuma ba abin da ya faɗi, ina zargin ɗaya ko duka biyun babu.

Maman Biyu:
Malam ai akwai bireka, shi na kashe yanzu. An rubuta 20 a jikinsa.

Abu Hanif:
Wannan na kare waya ne kada ta ƙone, ba na kare mutum ba. Amfiya 20 yake jira kafin ya motsa. Wutar da za ta iya tsayar da zuciyar mutum ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. Mutum zai iya maƙalewa a jikin famfo shi yana nan tsaye abinsa.

Na Gidan Haya:
Mu a namu gidan an jima ana jin wannan jan. Silifas na roba muke sawa mu shiga wanka, shikenan.

Abu Hanif:
Ɗan'uwa don girman Allah ku daina. Silifas a jiƙe, ƙafa a jiƙe, ruwa na kwarara daga kanka har ƙasa ba yankewa, robar me za ta tare? Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa kusan a buɗe take, shi ya sa banɗaki ya fi ko'ina haɗari a gida. Kuma tsagar ba tsayawa take yi ba, ƙaruwa take. Zir ɗin yau ba shi ne na wata mai zuwa ba. Ku matsa wa mai gidan, in ya ƙi ku haɗa kai ku kira mai wuta da kanku.

Hajiya Babba:
Allah ya kiyaye, ya tsare mana zuri'a. Ni tambayata kan ƙarar nan ce, don tawa ma tana yi, sai dai ba ta jan kowa. Kamar ana fasa ƙananan duwatsu a ciki. Na ɗauka tsufa ne.

Baba Falamba:
Hajiya barka da war haka. Ki leƙa cikin butar lantarkin da kike dafa ruwa, za ki ga wani farin ɓawo ya kama gindinta kamar farar ƙasa. Shi ne a cikin hitarki, sai dai na shekaru. Wasu ruwaye, musamman na ƙarƙashin ƙasa, suna ɗauke da sinadarin kalsiyam narke a ciki. In ruwan ya yi zafi sai ya fita ya daskare a kan abin da ya fi zafi, wato elimen, sauran ya zube ya taru a ƙasan tanki. Ruwa kan shige ƙarƙashin ɓawon ya tafasa a nan, ya fasa ya fito, ƙarar da kike ji ke nan. Na taɓa buɗe wata hita na kwashe kusan cikin ƙaramin bokiti na wannan abin, elimen ɗin ya zama kamar an tsoma shi a siminti. Shi kuma elimen in aka lulluɓe shi haka ba ya iya miƙa wa ruwa zafinsa da wuri, sai ya riƙa ƙona kansa har kwanson ya tsage. Kin ga inda maganata ta haɗu da ta Abu Hanif. Ƙarar ita ce ta fara zuwa, jan wutar ya biyo baya.

Akwai kuma wani abu da da wuya ka ji mai gyara ya ambata. A cikin tankin akwai wata sanda ta ƙarfen magniziyam, galibi kusa da elimen take. An sa ta ne don ruwa ya ci ta maimakon ya ci jikin tankin. Ita aikinta ke nan, ta ƙare. In ta ƙare ba a canza ba, tsatsa ta koma kan tanki, daga nan sai ki ga ruwa na fitowa ja-ja, sai yoyo daga jiki, shi kuwa wannan ba ya gyaruwa. Duk shekara ɗaya zuwa biyu ya kamata a zubar da ruwan, a buɗe, a kwashe ɓawon, a duba sandar.

Hajiya Babba:
Ikon Allah. Shekara bakwai ban taɓa jin labarin wata sanda ba. To ni da ma jikana ya ce in rage zafin zuwa 40, wai ya fi sauƙin cin wuta kuma yara ba za su ƙone ba. Ashe ma zai rage wannan ɓawon?

Injiniya:
Zai rage ɓawon Hajiya, kuma zai rage cin wuta kaɗan, amma ban ba ki wannan shawarar ba. Akwai wata ƙwayar cuta, Legionella, da ke son ruwa mai ɗumi da ke zaune wuri ɗaya. Tsakanin digiri 20 zuwa 45 take hayayyafa, kuma irin wannan laka ta ƙasan tanki gida ce gare ta. Ba ta hanyar sha take kama mutum ba, a feshin ruwan shawa ake shaƙar ta, ta sauka a huhu ta kawo ciwon nimoniya mai tsanani, musamman ga tsofaffi da masu shan taba da masu raunin jiki. An gano ta ne bayan ɓarkewar da ta yi a wani otal a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Shi ya sa ake cewa ruwan da aka tara a tanki a riƙe shi a digiri 60.

Malama Ta Aji Uku:
Injiniya ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba. Ruwan digiri 60 cikin daƙiƙu kaɗan yake sale fata, ta yaro kuwa ta fi laushi. Ɗan maƙwabciyata ya buɗe famfon zafi shi kaɗai, har yau tabon na bayan hannunsa. Wannan cutar da kake faɗa ni ban taɓa ganin wanda ta kama ba, ƙuna kuwa na gani.

Injiniya:
Gaskiyarki Malama, duka biyun haɗari ne na gaske, kuma ba sai an zaɓi ɗaya ba. Tanki ya zauna a 60, amma abin da ke fitowa a famfo ya sauko. Akwai bawul mai gauraya da ake sawa a bakin fitar hita, yana haɗa zafi da sanyi da kansa ya riƙe ruwan a wajen 40. Wanda bai samu wannan ba, ya koya wa kowa a gida buɗe na sanyi tukuna, a rufe na zafi tukuna, kuma babba ya taɓa ruwa kafin yaro ya shiga. Ita kuwa cutar, wanda ta kama cewa za a yi nimoniya ce kawai, ba wanda zai tuna da shawa.

Malama Ta Aji Uku:
To na ji. Amma ina nan kan bakana cewa gidan da ke da ƙananan yara kuma babu wannan mai gaurayar, ƙuna ta fi kusa.

Baba Falamba:
Ku biyun kowa da hujjarsa. Abin da zan ƙara, duk wanda zai bar hita a 60 ya duba irin bututun da aka ja masa ruwan zafi da shi. Farin PVC na ruwan sanyi ba a yi shi don zafi ba, laushi yake yi ya lanƙwashe, gam ɗin haɗin ya saki a cikin bango. Na zafi shi ne PPR, wanda ake narkawa da injin zafi a haɗa, ko CPVC, ko tagulla.

Sabon Ango:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana na kusa. Banɗakin baƙi ne a gidana, ba a cika shiga ba, amma wari yake kamar masai ya fashe. Na wanke har na gaji. Jiya na juye farin ruwan bilic a magudanar, yau ina shirin in bi da wani mai ƙarfi na asid da aka ba ni.

Baba Falamba:
Ango tsaya, kada ka zuba. Bilic in ya haɗu da asid iskar kulorin yake fitarwa, a ƙaramin banɗaki rufe za ta iya kwantar da kai a wurin. Matsalarka ma ba ta datti ba ce. Ƙarƙashin kowace magudana akwai wani lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa, wannan ruwan shi ne murfin da ke hana iskar rami dawowa ɗaki. Wurin da ba a amfani da shi ruwan ya kan bushe. Ka juye bokiti ɗaya na ruwa zalla a magudanar ƙasa, ka buɗe famfon wanke hannu minti ɗaya, ka ja ruwan masai, ka riƙa yin haka duk mako. In ka yi warin bai tafi ba, ko ka ji magudana na yin ƙurrr in an ja ruwa a wani banɗakin, to bututun iskan da ya fita saman rufi ne ya toshe, ko kuma ba a sa lanƙwasan ba tun farko.

Sabon Ango:
Na gode Baba, na ajiye asid ɗin.

Na Gidan Haya:
To Maman Biyu kafin a gyara, ki sayi irin ƙaramar hitar nan da ake jefawa a bokiti mana.

Abu Hanif:
In za ta yi, bokitin ya zama a wajen banɗaki, inda yaro ba zai kai ba, kada a sa hannu a ji zafin ruwa sai an zare daga soket. Ni dai na fi son ta dafa a buta ta sirka. Kuma tunda sanyi ne ya sa ake wannan neman, in tuna mana: kada a shigar da garwashin gawayi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta, haka janareta a cikin gida ko bakin taga, haka hitar gas a banɗakin da ba iska. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da barci take farawa da su, mutum bai san yana tafiya ba.

Maman Biyu:
Buta zan yi amfani da ita. Baba, in na samu wani mai gyaran, me zan ce ya yi? Ba na son a sake yi min irin na farko, ina tsaye ina kallo ban san komai ba.

Baba Falamba:
Mutum biyu kike bukata, mai famfo da mai wuta, ko ɗaya da ya iya duka da gaske. Wuta a yanke, a gwada da testa a tabbatar. A rufe ruwan shiga, a buɗe famfon zafi don iska ta samu hanya, a zubar da ruwan tankin bayan ya huce. A kwance farantin ƙasa a zaro elimen, ki ce a nuna miki shi a hannu. A kwashe ɓawon, a ɗauraye, a duba sandar. Robar da ke bakin farantin a sa sabuwa, tsohuwa in an mayar yoyo take. Bawul kuma a sa sabo mai lamba ɗaya da wadda littafin hitar ya faɗa, kada a cire notin kawai a bar tsohon, don ba mu san me tef ɗin ya tura ciki ba. Akwai kibiya a jikinsa, ta kalli hitar.

Ga inda ake yawan asara: in an gama, kada a kunna wuta sai tanki ya cika. A buɗe ruwan shiga, a bar famfon zafi a buɗe, zai yi ta tari yana tofar da iska, sai ruwa ya zubo sumul ba yankewa sannan a rufe a kunna. Elimen in ya ci wuta a busasshen tanki nan take yake ƙonewa, sabo fil.

Abu Hanif:
Na wuta kuma ki ce ya auna da mita tsakanin elimen da jikin tanki, ya bi wayar ƙasa daga hitar har inda ta ƙare ya tabbatar tana haɗe, ya sa miki RCD na 30. In ya sa ya danna maɓallin gwajin a gabanki ki ga ya faɗi. Ke ma ki riƙa dannawa lokaci-lokaci.

Hajiya Babba:
Baba ni kuma shawata ruwanta ya zama kamar fitsarin jariri. Duk ɓawon ne?

Baba Falamba:
Hajiya kin ba ni dariya. Ki kwance kan shawar ki buɗe ruwa a bututun zalla. In ya zubo da ƙarfi, ramukan kan ne suka toshe, ki jiƙa shi a ruwan khal ya kwana, ki goge da tsohon buroshi. In a bututun ma ba ƙarfi, sai a dubi tsayin tanki. Kowace mita 10 ta tsayi bar ɗaya take bayarwa, tankin da bai fi mita biyu ko uku sama da kan shawa ba kuwa ƙarfinsa kaɗan ne, babban kan shawa mai faɗi ba zai yi masa ba.

Maman Biyu:
Assalamu alaikum, na dawo da labari. Maigidan ya dawo jiya, yau aka yi aikin, na tsaya a kansu da wayata ina karanto abin da Baba ya rubuta har mai gyaran ya tambaye ni ko babana falamba ne. Elimen ɗin ya fito fari fat, da aka ɓanɓare ɓawon sai ga tsaga a wajen lanƙwasar, tsawon farce, gefenta ya yi baƙi. Sandar kuwa babu ita, wata siririyar waya ce kawai ta rage a tsaye. Abin da ya fi ɗaga min hankali, da mai wutar ya buɗe murfin ƙasa, wayar nan mai kore da rawaya tana naɗe a gefe an rufe bakinta da baƙin tef. Ba a taɓa ɗaura ta ba tun ranar da aka kafa hitar. Shekara huɗu muna wanka da yara. An haɗa ta, an sa RCD, na danna da hannuna ya faɗi. Sabon bawul ɗin ma yana ɗiga in tana aiki. Na tara roba don in gani kafin a ja tiyon, daga sanyi har ta kashe kanta ya tara kusan rabin lita, kuma ta ɗauki awa ɗaya da 'yan mintuna. Daidai ne ko?

Injiniya:
Daidai ne. Lita 50 daga 25 zuwa 60 tana cin kusan kilowat-awa 2, elimen mai wat 1,500 kuwa awa ɗaya da minti ashirin zai yi. Ruwan da kika tara ma ya zo kusa da lissafin da na yi wa Ɗan Auta. Abin da za ki sa wa ido shi ne in ya riƙa zuba ko hita na kashe, ba tsayawa. Wannan ko datti ne ya shiga bakinsa, ko ƙarfin ruwan da ke shigowa gidan ya yi yawa, sai a sa abin rage matsi.

Ɗan Auta:
Baba na taɓa bututun nan kamar yadda ka ce. Da ɗumi har wajen taku uku daga hitar. Na kwance notin da na sa, na ɗaga ɗan hannun bawul ɗin don in ga ko ruwa zai fito, ya ƙi motsi, kamar an yi masa walda.

Baba Falamba:
Kada ka sa masa filaya, karyewa zai yi ya bar ka da ruwan zafi a fuska. Ka kashe ta daga bireka, ka karanta lambar da ke jikinsa da girman bakin, galibi rabin inci ne, ka nemo irinsa. In za ka kwance ka bari ruwan ya huce, ka zubar da tankin tukuna.